Asabar takwas a ajin Kanar: abin da na samu a darasin dabarun yaƙi na Mabera

Tun farkon damina wani abokin aikina da muke koyarwa tare a makarantar sakandare ya ba ni labarin wani tsohon hafsan soja da ya ajiye aiki da muƙamin kanar, wanda yake karantar da tarihin yaƙe-yaƙe da dabarunsu a ɗakin taron wata makaranta mai zaman kanta a unguwar Mabera cikin birnin Sakkwato, kowace Asabar daga bayan La'asar har zuwa kiran sallar Magariba. Kuɗin shiga naira 15,000 ne na mako takwas, a ciki har da fita ta yini ɗaya zuwa wuraren tarihi. Na ɗan jima ina juya maganar a raina, domin kuɗin nan ba ƙarami ba ne ga mai albashin koyarwa, kuma abin da ya sa na biya a ƙarshe bai rasa nasaba da halin da gidanmu yake ciki ba. Ni mutumin ƙasar Isa ne. Shekara uku ke nan da mahaifina da ƙannena suka baro ƙauyenmu suka dawo wurina a birni, gonar da muka gada kuwa ta koma daji. A aji kuma, ɗalibaina sun sha tambayata yadda aka yi ƙasar da take da jiragen yaƙi ta kasa gamawa da mutanen da suke yawo a kan babura, ni kuma ba ni da amsar da ni kaina na gamsu da ita. Na kammala makonni takwas ɗin nan, ban rasa ko ɗaya ba, kuma ina ganin ya kamata wanda yake tunanin shiga zagaye na gaba ya san abin da zai tarar.

Mu wajen talatin ne a ajin. Akwai ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da 'yan jarida biyu, da tsofaffin 'yan sanda, da malamai irina, da mata huɗu, da wani dattijo mai fataucin albasa wanda ba ya rubuta komai amma babu abin da yake wuce shi. Malamin, wanda kowa yake kira Kanar, ya haura shekara sittin, ya yi aiki da ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, a Laberiya da Saliyo, kuma mutum ne mai kiyaye lokaci ƙwarai. Da Hausa yake koyarwa, Hausa mai tsabta, in kalmar Turanci ta zama dole sai ya faɗe ta sau ɗaya ya nemo mata abokiyar zama a harshenmu ya ci gaba da ita. A ranar farko ya karɓi shaidar kowa ya rubuta a littafi, sannan ya gindaya sharaɗi biyu: ba zai koyar da sarrafa makami ba, kuma ba za a yi maganar inda sojoji suke ko inda za su a yanzu ba. A garin da yake fama da masu kai wa ɓarayin daji rahoto, wannan taka-tsantsan ya kwantar mini da hankali.

Darasin farko shi ne ginshiƙin sauran. Kanar ya raba allo biyu, ya rubuta "dabara" a gefe ɗaya, "tsari" a ɗaya gefen. Dabara, in ji shi, ita ce yadda za ka ci karon da ke gabanka yau: inda za ka ajiye maharba, ta inda za ka ɓullo wa abokin gaba, lokacin da za ka ja da baya. Tsari kuwa shi ne sanin abin da kake nema da yaƙin gaba ɗaya, da abin da za ka yi da nasarar in ka same ta, da yadda za ka ciyar da mutanenka har a kai ga ranar. A nan ne ya kawo maganar Clausewitz, hafsan Bajamushe da ya yaƙi Napoliyon kuma ya rasu a 1831, wanda ya yi fice da ra'ayin cewa yaƙi ci gaban siyasa ne ta wata hanya. Don kada maganar ta tsaya a sama, sai ya sauko da ita Afganistan: Amurka ta shiga ƙasar a Oktoban 2001, ta kori Taliban daga mulki cikin makonni, da wuya a nuna babban karon da aka ci ta a fili cikin shekara ashirin, amma ranar 15 ga Agustan 2021 Taliban ta koma Kabul. Ya bar mu da wannan mu kwana da shi har mako guda. Ban taɓa jin an rarrabe waɗannan abubuwa biyu da Hausa haka ba, kuma daga ranar na lura cewa yawancin muhawarar da muke yi a majalisa kan tsaro, ta dabara ce kawai.

Inda kuɗina ya fita, har da riba, shi ne makonni biyu da aka yi a kan jihadin Shehu Usmanu. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san sunayen: hijira daga Degel zuwa Gudu a Fabrairun 1804, Tabkin Kwatto, Tsuntsuwa, Alwasa, Alƙalawa. Mun haddace su kamar karatun allo, muna jin su a wa'azi da waƙa, amma ban taɓa zama gaban wanda ya shimfiɗa taswira ya tambayi abin da mutanen nan suke ci ba. A Tabkin Kwatto, cikin Yunin 1804, Sarkin Gobir Yunfa ya zo da barade da 'yan lifidi da taimakon Abzinawa, jama'ar Shehu kuwa a ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo yawancinsu dakaru ne 'yan baka, dawakinsu kaɗan ne. Kanar ya nuna mana yadda maharban da suka tsaya wuri ɗaya ba su watse ba suke iya karya sukuwar doki mai nauyin lifidi, domin ƙarfin barade yana ga tsoron da suke jefawa kafin su iso, in tsoron bai kama ba kuwa doki ya zama babban abin hari. Wannan dabara ce, kuma ta ci. Amma bai bar mu mu daɗe muna jin daɗin nasarar ba. Wata shida bayan haka, a Tsuntsuwa kusa da Alƙalawa, jama'ar ta yi asarar kimanin mutum 2,000, daga cikinsu akwai mahaddata Alƙur'ani wajen 200, kuma abin da ya biyo baya yunwa ce da cuta. Tambayar da ya yi mana ita ce: me ya sa a 1805 aka kwashi jama'a zuwa Sabon Gari a ƙasar Zamfara, sannan bayan cin Birnin Kabi aka koma Gwandu? Amsar hatsi ce da makiyaya da wurin da za a iya karewa. Rundunar da take tafe da mata da yara da dabbobi tana cinye ƙasar da ta sauka cikin ɗan lokaci, in kuma ta fara ƙwace abincin talakawan da suka marabce ta, sai masoya su koma maƙiya. Ya ce mu duba tsawon lokacin da ke tsakanin Tabkin Kwatto da faɗuwar Alƙalawa a 1808: shekara huɗu, kuma mafi yawansu an yi su ne wajen neman abinci, da rarraba tutoci, da raba Gobir da ƙawayenta.

Daga nan ya shiga maganar ribaɗi, wadda ita ce zuciyar abin da yake son mu tafi da shi. Faɗuwar Alƙalawa ba ta kawo ƙarshen yaƙi ba, domin Gobirawa da Katsinawan da suka ƙi miƙa wuya sun sake kafa kansu a arewa, a Tsibiri da Maraɗi, suna kawo hari suna komawa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya ci babban karo a Gawakuke a 1836, amma abin da ya fi dogara da shi shi ne garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, inda ake zaunar da mayaƙa da iyalansu, a ba su gonaki, a kai musu malami da alƙali, a jawo makiyaya su zauna su yi noma. Shi kansa ya tare a ribaɗin Wurno, a can ya rasu, a can kabarinsa yake. Kanar ya ce mai hari yana zuwa ne inda babu kowa da dare, saboda haka Bello ya sa mutanensa su kwana a wurin, su yi noma a wurin, su haihu a wurin. Da ya faɗi haka ɗakin ya yi tsit, domin da yawanmu mun san garuruwan da jami'an tsaro suke zuwa da hantsi su bar su kafin faɗuwar rana.

Mako na huɗu aka yi fita. Asalin shirin da aka rubuta a takardar talla ya haɗa da Tabkin Kwatto da kufan Alƙalawa, amma duka biyun aka soke, domin na farko yana yankin Gudu, inda 'yan bindigar nan da ake kira Lakurawa suka yi sansani kamar yadda hedikwatar tsaro ta sanar a Nuwamban 2024, na biyu kuma yana ƙasar Sabon Birni, wadda kowa ya san halin hanyarta. Ban ga laifin sokewar ba, kuma babu mai hankalin da zai kwashi mutum talatin zuwa can, amma ya kamata a gyara takardar tallan tun kafin a karɓi kuɗin mutane, ko a rage wani abu daga ciki. Abin da muka samu a madadinsu shi ne zagayen cikin gari a kan 'yan agwagwa da buje, wato babura masu ƙafa uku: Hubbaren Shehu, gidan tarihi na Waziri Junaidu inda muka ga sulke da takubba da kwari da baka, sannan muka tsaya a yankin Giginya, inda aka yi karo da Turawa ranar 15 ga Maris 1903.

Yau gine-gine da tituna sun cinye filin, sai da Kanar ya yi ta nuni da sanda kafin mu iya hango shi a zuci. Turawa sun zo da sojoji 'yan ƙasa kimanin 650 a ƙarƙashin Kanar Morland, da bindigogin Maxim huɗu da igwa huɗu, suka yi sahu mai kusurwa huɗu. Maxim ɗaya tana iya fitar da harsashi kusan 600 a minti ɗaya. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya bai cika wata shida a kan gado ba, ya fito da jama'arsa wajen ganuwa, a cikin jagororin har da Marafa Maiturare wanda ya zama Sarkin Musulmi a 1915. Kafin rana ta take an gama, sai waɗanda suka tsaya a gindin tuta suka ƙi barinta har aka kashe su. A nan ne na saɓa wa Kanar, kuma har yanzu ina kan ra'ayina. Shi yana ganin kuskure ne fitowa fili, kuma ya danganta shi da rashin sanin abin da Maxim take yi. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ina ganin sun sani." Bida da Ilori sun faɗi tun 1897, Yola a 1901, Kano kuma mai ganuwar da ta fi ta kowa ta faɗi ranar 3 ga Fabrairun 1903, mako shida kacal kafin nan, kuma labarin duk waɗannan ya iso Sakkwato. An yi shawara a fada tsakanin sulhu da yaƙi da hijira. Mutanen da suka ga ganuwa ba ta hana igwa ba, suka kuma ga barin gari ba tare da an daga ba abu ne da ba za su iya ɗauka ba, sun fito ne da sanin abin da ke jiransu, bayan haka Attahiru ya yi hijira gabas har aka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yulin 1903, Waziri Buhari kuma ya zauna da sauran jama'a don kada garin ya watse. Kanar ya saurare ni har na gama, ya ce, "Malam, ka kawo hujja, amma ni soja ne, ina auna shawara da abin da ta haifar." Ba mu daidaita ba, sai dai na yaba da cewa a mako na gaba shi da kansa ya sake ɗauko maganar a gaban aji, ya faɗi ra'ayina daidai yadda na faɗe shi, bai rage masa ƙarfi ba.

A hanyar dawowa ya ba mu labarin Satiru, ƙauyen da ke kudu da Sakkwato, inda a Fabrairun 1906 talakawa masu gatura da fartanya suka auka wa rundunar Turawa ta mahaya kafin ta gama daidaita sahunta, suka kashe Turawa uku da sojoji 25, suka ƙwace Maxim. Bindigar da ta gama da rundunar daula cikin safiya ɗaya, ga ta a hannun manoma bayan shekara uku, domin ba a ba ta sararin yin aiki ba. A watan Maris aka dawo aka shafe garin, aka kashe mutane kimanin 2,000. Kanar ya ce duk wanda ya fahimci Giginya da Satiru tare ya fahimci rabin abin da ake kira yaƙin sari-ka-noƙe: marar ƙarfi yana iya cin karo in ya zaɓi wuri da lokaci, amma in ya tsaya a gari ɗaya yana jiran ramuwa, ya koma Giginya.

Mako na biyar, na yaƙe-yaƙen duniya biyu, shi ne mafi rauni. An taƙaita shekaru talatin cikin awa biyu, sunaye suna wucewa kamar motoci a titin Maiduguri. Abin da ya zauna mini kawai shi ne ranar 1 ga Yulin 1916 a bakin kogin Somme a Faransa, inda sojojin Ingila fiye da 19,000 suka mutu a yini ɗaya suna tafiya zuwa bakin irin bindigar da suka yi amfani da ita a kanmu shekara goma sha uku kafin nan. Da an bar wannan misalin shi kaɗai an zurfafa shi, da ya fi amfani.

Yaƙin zamani ya ɗauki mako na shida da rabin na bakwai, kuma a nan aka ga cewa Kanar bai daina karatu ba tun da ya tuɓe kaki. Ya fara da 1991, lokacin da Amurka da ƙawayenta suka yi makonni biyar suna ruwan bama-bamai a kan sojojin Iraƙi, sannan suka gama yaƙin ƙasa cikin awa 100, abin da ya sa manyan ƙasashe suka ɗauka cewa mai tauraron ɗan Adam da makami mai linzami ya gama da kowa. Sai ya nuna yadda wannan fifiko ya yi ta araha har ya sauko hannun ƙanana. A 2020 Azarbaijan ta yi amfani da jirage marasa matuƙa, ciki har da Bayraktar na Turkiyya, ta ragargaza tankokin Armeniya cikin kwana 44. Bayan Rasha ta auka wa Yukiren ranar 24 ga Fabrairun 2022, abin ya kai inda ƙaramin jirgi marar matuƙi na 'yan ɗaruruwan daloli, irin wanda ake ɗaukar hoton biki da shi, yake lalata tankar miliyoyi. Ya kawo irinsa ɗaya aji, na wani mai ɗaukar hoto, ya ɗora a tebur domin mu ga ƙanƙantarsa. Ya bayyana mana yadda kowane ɓangare yake toshe wa ɗaya siginar rediyo, da yadda aka koma ɗaura wa jiragen siririn zaren gilashi mai tsawon kilomitoci wanda ba a iya toshe shi, da yadda Yukiren, wadda kusan ba ta da rundunar ruwa, ta nutsar da jirgin ruwan yaƙin Rasha mai suna Moskva a Afrilun 2022. Abin da ya fi jan hankalina shi ne sakamakon duk wannan: tun da kowa yana ganin kowa daga sama, tara runduna wuri ɗaya ya zama kiran ajali, sai sojoji suka koma cikin ramuka suna tafiya uku-uku, huɗu-huɗu, wasu ma a kan babura. Ƙasashen da suka fi kowa kimiyya sun koma haƙa rami kamar 1916, kuma abin da yake yanke hukunci shi ne wanda masana'antunsa da jama'arsa za su fi jurewa. Ya komo da mu kan allon ranar farko: kayan dabara sun sauya ƙwarai, amma tambayar Gwandu, wato wa zai ciyar da wa har zuwa yaushe, tana nan inda take.

Sauran lokacin na gida ne, kuma shi ne abin da ya kawo yawancinmu. Kanar ya zayyana abin da ɗan bindigar daji yake buƙata kafin ya kai hari: babur, fetur, waya, abinci, mai ba shi labari daga cikin gari, da kasuwar da zai sayar da shanun sata. Makamai sun ƙaru a Sahel bayan rushewar Libiya a 2011, amma a ganinsa bindiga ita ce mafi sauƙin samu a cikin jerin. Najeriya ta karɓi jiragen Super Tucano 12 a 2021, kuma jirgi yana iya tarwatsa sansani, sai dai ba ya kwana a ƙauye, ba ya raka manomi gona, ba ya raba rigimar makiyayi da mai gona kafin ta zama gaba. Muka yi doguwar muhawara kan matakan Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara da ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, aka hana sayar da fetur a jarka, aka rufe wasu kasuwannin dabbobi. A takarda, in ji Kanar, tsari ne mai ma'ana, domin ya nufi jijiyoyin abokin gaba. Wani ɗan ajinmu mutumin Sabon Birni ya ce a wajensu masu zama kusa da iyaka, ɓarayin sun koma layin Nijar, talaka ne ya rasa hanyar kiran agaji, ya kuma tuna mana da harin kasuwar Goronyo na Oktoban 2021, inda aka kashe mutum fiye da 40. Kanar bai kare matakin ba kuma bai yi watsi da shi ba. Ya ce duk matakin da ya fi ƙuntata wa wanda kake karewa fiye da wanda kake yaƙa, lokacinsa gajere ne, in ba a biyo shi da sojan ƙasa nan take ba ya zama hasara.

A nan ne dattijon nan mai albasa ya yi magana, karo na farko cikin mako bakwai. Ya ce, "Yallaɓai, wanga bayani naka gaskiya na. Amma mu da munka biya kuɗin noma ga mutanen daji, ba son su muka yi ba. Wanda ka kwana kusa da kai da bindiga, shi ad da gari." Kanar ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Baba, abin da ka faɗa shi ne darasin gaba ɗaya, ni ƙarin bayani kawai nake yi." Ya ce ranar da ɗan bindiga ya fara karɓar haraji yana yanke hukunci tsakanin mutane, ya daina zama ɓarawo kawai, ya fara takara da hukuma a kan mulki, kuma irin wannan ba a gama shi da ƙidayar gawawwaki. Ɗaya daga cikin matan, 'yar jarida, ta tambaye shi game da Tudun Biri a jihar Kaduna, inda ranar 3 ga Disamban 2023 jirgin soja marar matuƙi ya kashe masu Mauludi aƙalla 85 bisa kuskure. Na ga abin ya yi masa nauyi, kuma da farko ya so ya taƙaita, amma ta nace cikin ladabi, shi kuma ya amsa. Ya ce na'ura tana nuna maka taron mutane, ba ta gaya maka ko su wane ne ba, wannan sai mutumin ƙasa da ya yarda da kai, kuma kowane kuskure irin wannan yana rufe bakin mutum dubu da za su iya ba ka labari gobe. Na so a ce wannan batu yana da mako nasa a cikin jadawali, maimakon ya dogara ga nacin mai tambaya.

Ina da ja a kan yadda yake ɗora ribaɗi a kan halin yau. Ya yi gaskiya cewa tsaro na mai kwana ne, amma ribaɗin Bello ya tsaya ne da gona da alƙali da malami, kuma mutanen da aka zaunar sun yarda da wanda ya zaunar da su. In aka ɗauki ganuwa da mayaƙa kawai aka bar adalcin, abin da za a samu shi ne ƙarin masu bindiga a ƙauye, kuma mun ga yadda ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da rugage ta hura wutar da muke ciki. Kanar ya ambaci haka, amma a gurguje, alhali a nan ne ɗalibi matashi mai zafin zuciya zai iya ɗaukar rabin magana ya tafi da ita.

Akwai ƙananan abubuwan da suke buƙatar gyara. Takardun da ake rabawa da taswirorin duk da Turanci suke, ga shi kuwa darasin da Hausa ake yin sa, kuma aƙalla mutum biyar a ajinmu ba sa karanta Turanci. Ɗakin rufin kwano ne babu silin kuma babu lasifika, ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi mun yi kusan rabin awa ba ma jin komai. Darasin yaƙin farfaganda da na intanet, wanda aka sa a mako na takwas, ya tafi a bitar baya da rabon takardar shaida, ga shi kuwa muna zaune a lokacin da 'yan bindiga suke fitowa a TikTok suna baje kuɗin fansa, saƙon murya ɗaya na WhatsApp kuma yana iya tayar da ƙauye cikin dare. Matan ajin sun roƙi a riƙa tashi minti ashirin kafin Magariba saboda samun abin hawa, ba a yi ba sai a makonni biyun ƙarshe.

Duk da haka ina ba malaman tarihi da na zamantakewa shawarar su shiga, haka 'yan jarida masu rahoton tsaro, da limamai da masu unguwanni waɗanda mutane suke kawo wa tambaya. Wanda yake neman labarin jarumtaka ko sirrin soja ba zai same su a nan ba. An ce zagaye na gaba zai fara bayan an kawar da amfanin gona, a wuri ɗaya kuma a kan kuɗi ɗaya, kuma Kanar ya yi alkawarin mayar da takardun Hausa, har na karɓi na makonni biyu na jihadi zan taimaka da fassararsu. Na roƙe shi ya ware Asabar guda domin waɗanda suka baro garuruwansu su yi magana shi ya saurara, ya ce zai duba, na kuma gaya masa cewa in an yi, zan zo da mahaifina.